Abin da Cindo Ya Gani a Ƙasar Gishiri

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya raba ruwa biyu, wannan mai daɗi wancan mai zartsi, ya ba ido haske aro, ya kuma ajiye ranar karɓar abinsa. Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Ni ne Nomau tela, wanda kekensa ke bakin layin 'yan gishiri a kasuwar Maigatari. Labarin da zan ba ku na tafiya ce zuwa bayan teku, can inda rana ke faɗuwa, tafiyar tsofaffi biyu masu jaka a baya da aljihu marar nauyi, ni da taubashina Alhaji Cindo mai gishiri.

Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kun kuwa san abin da wannan ke nufi. Tun muna yawo ba wando ban taɓa faɗa masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba. Ranar aurena ya je ya ce wa amarya ta yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa. Da ya dawo daga Makka na tambaye shi a gaban jama'a ko sun bar shi ya shiga, ko daga bakin ƙofa ya leƙa. Har yau ba mu gama shari'ar wane ne ubangidan wani ba.

Sai idonsa ya fara rufewa. Ba yanar nan ba ce da ake cirewa a asibiti. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, gani yana tsukewa daga gefe kamar bakin jakar da ake jan zarenta, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ana cikin haka wani direban tirela ya nuna masa hoto a waya: fili fari fat iyakar ganin mutum, duk gishiri, ruwan sama ya kwanta a kai har sama ta sauko ƙasa, mutane na tafiya a kan gajimare. Aka ce a wata ƙasa ce mai suna Bolibiya. Mutumin da tun yana saurayi yake auna gishiri da mudu ya riƙe wayar nan dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

Washegari ya zo rumfata ya zauna a kan kayan mutane.

"Zan je in ga wurin nan kafin a kashe fitilar," in ji shi. "Ina bukatar ɗan dako. Na duba duk dangi ban ga wanda ya fi ka kama da jaki ba."

"Wa zai ba ka biza da wannan fuskar?" na ce. Amma daren bai yi ba sai da na fara yanka tamfol na jakunkunan tafiya.

Ya sayar da fili da rumfa, ni na sa abin da nake tarawa don sabon keke. Takardu da kuɗin jirgi suka lashe kusan duka, abin da ya rage in ka gan shi sai ka ce na cefane ne. Jakunkunan goyo ni na ɗinka mana da hannuna. Muka cika su da garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji da kilishi, kowa ya rataya butarsa a gefe. Ɗana ya saka mini wata manhaja a waya, ka yi magana da Hausa ta maimaita da Sifaniyanci, a yi da Sifaniyanci ta juyo maka da Hausa. Muka yi sallama da iyali, mata na kuka, 'yan kasuwa na cewa tsufa ya taɓa mana kai.

Jarrabawar farko a filin jirginsu ta same mu. Wani kare mai rigar aiki ya zo ya zauna a gaban jakar Cindo ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka ga kilishi, ma'aikacin ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Cindo ya karɓi wayar.

"Tambaye shi, naman da ke cikin cikin mutum fa, shi ma ana hana shi?"

Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce a'a. Sai muka shimfiɗa dardumar sallah a gefe muka zauna, muka yi bisimilla. Kilishin da muka yi niyyar ya kai mu ƙarshen tafiya, a zama ɗaya muka gama da shi. Cindo ya miƙa wa ma'aikacin yanki, ya ɗanɗana, yaji ya sa shi hawaye, ya buga mana hatimi yana tari. Karen ne kawai bai samu ba, har muka fita yana bin mu da ido.

Daga nan muka kama hanyar tudu. Duk motar da aka ce ta masu yawon buɗe ido ce, sai mu wuce ta mu tambayi wadda talakawa ke shiga. Mun hau mota da kaji, mun hau bayan babbar mota a kan buhunan albasa. Mun kwana a masaukin matasan Turawa mai gadaje hawa-hawa, inda wata yarinya mai zobe a hanci ta ɗauki butata ta dafa shayi a zatonta tukunya ce, robar ta narke, ta yi ta ba ni haƙuri har ta ba ni tausayi. Abinci kuwa, kafin mu ci sai na nuna tukunya na yi gurnanin alade, in mai abincin ta gyaɗa kai mu wuce, in ta girgiza mu zauna. Cindo ya ce bai taɓa jin na yi magana mai ma'ana kamar wannan ba.

Ƙasar nan hawa take yi ba ta gajiya. Muka bar zafi da ayaba a baya, muka shiga duwatsun da farin ƙanƙara ke kwance a kawunansu. A can iska siririya ce, ka ja numfashi ka ji kamar an ba ka rabin mudu. Taku kaɗan sai ka tsaya, kai na sarawa. Mutanen wurin suka ba mu shayin wani ganye, ya ɗan sassauta. Mun ga birni a cikin rami kamar ƙwarya, mutane na ratsa samansa a cikin akwatunan da ke rataye a waya. Mun ga raƙumi marar tozo, mai gashin tunkiya da idon budurwa, wanda in ransa ya ɓaci sai ya tofa maka yawu. Ni ya tofa wa, Cindo kuwa ya ce dabbar ta san mutane.

A kasuwanninsu ne Cindo ya zama sarki. Matan can masu faffaɗan siket da 'yar hula a tsakar ka ne ke riƙe da ciniki, shi kuma ba ya bukatar waya. Ya taɓa dankali, ya girgiza kai, ya yi kamar zai tafi, a kira shi. In an gama sai ya buɗe tafin hannu yana jiran gyara, ashe su ma suna da ita. Mace ta yi dariya ta ƙara masa biyu. Da wannan gyarar muka rayu kwana da kwanaki.

Amma ina lura da shi. Ya daina cewa in duba wancan dutsen. In za mu tsallaka titi sai ya kama igiyar jakata, ya ce yana tsaron kayansa ne kada in gudu da su. Ni kuma in ce ya riƙe da kyau, akuya ma da igiya ake jan ta. Muna faɗin haka muna dariya, ni kuwa ina ƙirga kwanaki, don an gaya mana damina ta kusa ɗaukewa, in ruwan ya bushe a kan gishirin sama ba za ta ƙara sauka ba sai baɗi. Cindo ba shi da baɗi.

Saura kaɗan mu isa sai motarmu ta tsaya cik. Mutanen wasu ƙauyuka sun jera duwatsu sun rufe hanya, suna da wata rigima da hukuma a kan ruwa. Ba su taɓa kowa ba, har wata tsohuwa ta ba mu gasasshiyar masara, amma mota ba ta wucewa. Masu kuɗi suka juya su nemi jirgi. Mu muka goya jakunkuna muka taka. Rana ta take, iska na yanka kunne, Cindo na tuntuɓe da duwatsun da yaro ma zai kauce musu. Da la'asar sakaliya muka shiga wani ƙauye mai suna Tarumani, gidajen jar ƙasa kamar namu, aka nuna mana gidan wata mata da ke saukar da baƙi da araha.

Sunanta Sabina. Gajeriya ce kakkaura, kitso biyu har gadon baya, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun tafi birni. Ta dube mu sama da ƙasa, ta dubi yadda Cindo ke laluben bakin ƙofa da ƙafa, ba ta yi ciniki ba ta buɗe mana ɗaki. Ta kawo miya mai zafi. Cindo ya kai cokali baki ya tsaya.

"Nomau, miyar gyaɗa ce. Mun zagaya duniya mun dawo gida."

A cikin kowane kwano ta sa dafaffen ƙwai. To ni tun muna yara ba a ajiye wa Cindo abu mai daɗi a gabana ban kai hannu ba, shi kuma ya buge hannun. Na miƙa cokali na ɗauke ƙwansa. Bai buge ba. Na ɗauka sabon salo ne, sai na ƙara da baki.

"Ci da sauri, tsohon banza. In ka mutu a nan ba ɗaukar ka zan yi ba, takalmanka zan sayar in yi kuɗin mota."

Na manta wayar na kan tebur a kunne. Ta kwashe maganar nan tsaf, ba ta rage ko wasali ba, ta faɗa wa Sabina da muryar mace mai ladabi. Matar ta ajiye tulun da ke hannunta. Ta dubi ƙwai biyu a kwanona, ta dubi kwanon Cindo, ta ɗauki wayar ta kai bakinta.

"Baba, mutumin nan yana cutar da kai?"

Cindo ya sunkuyar da kai, ya yi fuskar maraya.

"Tun muna yara, Iya."

Ban san mace mai wannan tsawon tana da wannan ƙarfin ba. Da ludayi ta kore ni, jakata ta biyo ni ta sama. Na yi rantsuwa, na yi bayani, wayar na fassarawa, amma me zan ce? Na faɗi maganar ko ban faɗa ba? Na faɗa. Na ɗauki ƙwan ko ban ɗauka ba? Ga shi a kwanona. Ta nuna mini rumbun dankali a bayan gida, kusa da garken raƙuman nan masu tofi, ta ce nan ne wurina, shi ma don ba ta son a ce baƙo ya daskare a ƙofarta. Daga baya maƙwabta suka gaya mini ubanta ya makance kafin ya rasu, ita ta yi jinyarsa shekaru, ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kansa.

Da farko na yi dariya ni kaɗai a cikin dankali. Na ce wannan karon ya ci ni, zan rama. Ta katanga ina hango shi a tsakar gida an lulluɓe shi da bargo mai launi, ana kawo masa shayi, ana gyara masa matashi. Amma wasa yana da lokacin tashi, wannan kuwa ya wuce nasa. Kwana ya bi kwana. Ƙanin Sabina, wani mai suna Fermin, yana da tsohuwar mota da yake ɗauko gishiri da ita daga filin nan, tafiyar rabin yini ce kawai. Ya ce mini ruwan ya fara ja da baya. Sabina ta ce ba za ta ba mugu makaho ya kai shi jeji ba. Kalma ɗaya Cindo zai faɗa a wuce wurin, ya ƙi faɗa.

Wata safiya da ta tafi gona na haura katanga. Raina a ɓace yake, na shirya masa maganganu. Na zo na tsaya a gabansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Fuskarsa na kallona. Yana jan carbi. Ya miƙa hannu yana laluben kofin da ke gefen gwiwarsa, ya wuce shi, ya dawo. Sai ya ji numfashina.

"Iya, ke ce?"

Duk abin da na shirya ya zube. Na durƙusa.

"Ni ne. Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ranar duwatsun nan. Na dama ya tafi. Na hagu saura kamar kafar allura, shi ma sai rana ta take."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In na faɗa, yarda za ka yi? Ni da kai mun taɓa faɗa wa juna gaskiya?" Ya juya carbin a hannunsa. "Tsoro nake ji, Nomau. In na zauna a nan, zan koma gida in ce wata mata ce ta hana ni. In na je na tsaya a tsakiyar wurin ban ga komai ba fa? Na sayar da rumfar ubana."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Sannu, Alhaji. Sannu, Yaya. Allah ya sa kaffara ne." Na ɗebo ruwan ɗumi na wanke masa ƙafafun da duwatsu suka farfasa, na shafa musu mai. A haka Sabina ta dawo ta same mu. Ta tsaya ta kalla, ta gyaɗa kai, a ganinta mugu ya tuba. Da yamma ta mayar da jakata ɗaki.

Na shiga yi masa hidima kamar baƙon da ya zo daga nesa. In zai tashi in ce a hankali, Alhaji. In ya yi tari in ce sannu. Ƙwaina ma a kwanonsa nake sa masa. Ni da Sabina muka riƙa tafiya a tsakar gida da sanɗa, muna magana ƙasa-ƙasa. Sai mutumin ya fara ƙin abinci. Ya daina fita rana. Ya juya fuska bango, in an yi magana ya ce to. Sabina ta dafa wannan ta dafa wancan, ta kawo ganye ta kawo turare, kwano na komawa yadda ya zo. Maganar gishiri kuwa ko sunanta ba ya so a kira.

Rannan da azahar na kawo masa miya, Sabina na bayana da ludayinta, wayar na aljihun rigata. Na ce, "Alhaji, daure ka ɗan taɓa."

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Nomau, yaushe aka yi jana'izar tawa ban ji ba?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tun ranar da likita ya yi magana kowa ke ce mini sannu. Matana, 'ya'yana, har yaran da nake kora daga rumfa. Kowa ya sassauta murya kamar an shigo gidan makoki. Kai kaɗai ka rage da kake yi mini kamar ina nan." Ya ja bargo. "Yanzu kai ma ka bi su."

Na tsaya da kwano a hannu. Wallahi ban taɓa yin aikin da ya yi mini wuya kamar buɗe bakin nan ba, amma na buɗe.

"To tashi, malalacin banza. Na ɗauko ka tun daga Maigatari kamar buhun da ba mai saye, ka zo ka kwanta a gidan mutane kana cinye musu ƙwai. Da idon ma me ka taɓa gani? Shekara nawa kana auna wa mutane da lotsattsen mudu?"

Bargon ya motsa.

"Wa ke maganar mudu? Telan da ya ɗinka wa liman wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Ƙafar liman ce ba daidai ba."

"Kawo miyar nan kafin ka sa mata hannu, ɓarawo."

Ya tashi zaune ya karɓi kwano. Wayar na ta zuba fassara daga aljihuna. Na waiga na ga ludayin Sabina a sama, ta ɗaga shi za ta sauke mini. Amma idonta na kan Cindo, wanda ke shan miya yana zagina tsakanin cokali da cokali, har ya kai ga sharce kwano da yatsa. A hankali ludayin ya sauko.

Ta zauna a bakin gado ta ce in yi mata bayani. Na ce uwata da ubansa 'yan ɗaki ɗaya ne, a wurinmu kuma 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji haka suke gaisawa har kabari, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sannan ta ce ubanta mutum ne mai tsokana da faɗa, da ya makance ba ta ƙara ɗaga masa murya ba ko sau ɗaya, ta hana kowa. Wata rana ya tambaye ta ina mutanen gidan suka tafi, alhali duk suna nan. Ta goge ido da bakin siket ɗinta. Ta ɗauki wayar ta juya wajen Cindo, ta gyara murya kamar mai koyon sabon yare.

"Tsoho, akwai saura a tukunya. Ka cinye ko in ba kare."

Cindo ya yi dariya har ya ƙware. "Iya ta zama 'yar gida," in ji shi. Ya goge baki. "A gaya wa mai motar nan gobe da mu za shi. In ban ga komai ba, sai in ce munin Nomau ne ya tsare mini."

Fermin bai karɓi ko sisi ba. Tamfol ɗin motarsa ya yayyage, na zauna da basilla na ɗinke masa shi tsaf, muka yi musabaha. Sabina ta cusa mana dafaffen dankali da cuku a jaka, ta ɗaura wa Cindo hular ulu mai kunnuwa, ta tsaya a ƙofa har muka sha kwana.

Rana ta kai tsaka lokacin da jar ƙasa ta ƙare. Babu wata alama, kawai ƙasa ta daina, fari ya fara. Motar ta shiga ruwa marar zurfi tana tafiya a hankali, har duwatsun baya suka zama kamar suna shawagi. Fermin ya kashe inji. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na sauko da Cindo, muka cire takalma, ruwan sanyi ya rufe mana idon sawu, gishiri na cizon tafin ƙafa.

Jama'a, na ga abin da bakina ba zai iya ɗauka ba. Sama a sama, sama a ƙasa, babu layin da ya raba su. Gajimare a ƙarƙashin ƙafata. Wasu tsuntsaye masu jan fiffike suka wuce, kowane da ɗan'uwansa a kife yana bin sa ta ƙasa. Haske kuwa ta ko'ina yake zuwa, daga sama, daga ƙasa, daga gefe, har mutum ba shi da inuwar kirki. Na ji tsoro, na ji daɗi, na yi tasbihi.

Cindo ya saki kafaɗata. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya buɗe na hagu, yana juya kai a hankali kamar mai neman zare a ramin allura.

"Akwai fari," in ji shi. Ya sunkuya. "Ga shuɗi. Nomau, shuɗi a ƙasa." Ya ɗaga kai, ya sake sunkuyawa. "Wannan gajimare ne?"

"Shi ne."

"A ƙasa?"

"A ƙasa, kana tsaye a kansa."

Ya yi ta bin wurin guntu-guntu, nan da can, leɓunansa na motsi. Ya tsuguna ya ɓanɓaro gishiri ya sa a harshe, ya jinjina kai irin na wanda ya san kaya. Ni na koma gefe ina share fuska, ina gode wa Allah, na ɗauka abin da muka zo yi ya cika. Sai na ji ya kira ni.

"Zo nan. Tsaya a gabana. Matso. Cire hular."

Na cire. Ya kama haɓata da hannunsa mai sanyi da gishiri, ya juya fuskata wajen rana. Idon nan guda ya fara daga goshina, ya sauko a hankali, gira, hanci, kumatu, gemu. Ya koma sama ya sake farawa.

"Me kake yi? Ga abin da ka sayar da rumfa dominsa can a bayanka."

"Na gan shi. Yi shiru." Ya ƙara matso da fuskata. "Rabona da fuskarka tun kafin azumin bara, sai dai inuwa. Ko'ina duhu ya yi mini yawa. Nan ne kawai hasken ya isa." Ya daɗe yana kallo. "Ashe ka yi furfura haka. Wa ya ba ka izinin tsufa ban sani ba?"

Na ɗaga hannu zan mayar da hular.

"Kada ka motsa," in ji shi. "Munin nan nake so in haddace, don shi zan riƙa gani nan gaba."

Na tsaya. Ruwa ya kashe mini ƙafafu, Fermin ya gama lodinsa ya zauna yana jira, rana ta fara karkata. Ban motsa ba sai da shi da kansa ya sauke hannu, ya lalubi igiyar jakata, ya ce mu tafi.

Iyakar tafiyar ke nan, na sauke muku ita yadda na ɗauko, sai ɗan guntun da ya rage a gindin jaka. Kafin mu sauka a Kano kafar allurar nan ta rufe. Yanzu kullum da safe jikarsa na kawo shi rumfata, ya zauna a kan kayan mutane yana gaya wa masu kawo ɗinki su kai wani wuri. In 'yan kasuwa suka taru suka ce, Alhaji, wai me ka gani a can ƙarshen duniya, sai ya ce, "Na ga Nomau." Su kwashe da dariya, su ce taubasai ba sa girma. Ni sai in sunkuyar da kai in ci gaba da taka keke.